Yadda ake duba fiyus a mota da sauya wanda ya ƙone

Wata ranar Alhamis da la'asar sakaliya na bar Garwa zan tafi Marwa, a arewacin Kamaru, a tsohuwar Corollar kawuna. Magariba ta riske ni a hanya, na kunna fitila, na gaba suka kama, amma allon da ke gaban sitiyari ya ƙi haske. Ban damu ba, tunda ina ganin kwalta. Sai da wani direban tirela ya yi ta zuba mini oda, ya wuce ni yaron motarsa na nuna bayana da hannu, sannan na sauka gefe na leƙa. Fitilun baya duka biyun a mace. Wanda ya san wannan hanya, da yadda manyan motoci ke kwana suna kai kaya Kusiri da Injamena, ya san tafiyar dare ba fitilar baya neman ajali ne.

Na lallaɓa na kai Figil, aka nuna mini rumfar wani dattijo mai gyaran wutar mota, yana haɗa kayansa zai tashi.

"Baba, don Allah a taimaka. Ina jin wayoyin motar nan ne suka ƙone."

"Ɗana, da wayoyi ne suka ƙone, da hancinka ya riga bakinka faɗa. Buɗe mini ƙofar direba."

Ya durƙusa, ya zura hannu ƙarƙashin sitiyari, ya zaro wani ɗan abu shuɗi da bai fi farcen babban yatsa ba, ya ɗaga shi a hasken tocila. Ya sa sabo, fitilu suka dawo. Na kai hannu aljihu, sai ya ce in dakata. Ya zagaya baya, ya buɗe but, ya yi ta bin waya da yatsa har ya samo inda ta gogu a jikin ƙarfe, robarta ta cinye. Ashe kawu ne ya sa aka ƙara wata 'yar fitilar ado kusa da lamba, wanda ya yi aikin kuma ya bar wayar tana lilo. "Da na sallame ka haka," in ji shi, "ba ka kai Muturwa ba za ka koma cikin duhu."

Tun daga ranar na koyi wannan aiki, kuma ba wani abin wahala ba ne. Masu gyara a nan suna kiran abin fizibil, da bakin Faransanci, 'yan'uwanmu na Yola da Mubi kuma su ce fiyus ko fis. Duk abu ɗaya ne.

Abin da yake yi a cikin mota

Fiyus ɗan siririn ƙarfe ne da aka rufe cikin roba, aka dasa shi a kan hanyar da wuta ke bi daga batir zuwa fitila, oda, rediyo ko famfon mai. An auna kaurinsa daidai da wutar da wayar wurin za ta iya ɗauka. In wuta ta wuce kima, sai ƙarfen ya yi zafi ya narke, hanya ta yanke. Da gangan aka yi shi mai rauni, don ya mutu waya ta tsira. Lambar da ke kansa, 10 ko 15 ko 20, ita ce yawan amfa da zai iya jurewa, amfa kuwa shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya.

Lissafin ba wuya. Ƙaramar mota tana aiki da bolt 12, wato ƙarfin wutar batirinta. Kwan fitilar gaba mai wat 55 yana jan kusan amfa 4.6, wato 55 a raba da 12. Ramin cajin waya da ke da fiyus mai lamba 10 ba zai ɗauki abin da ya haura wat 120 ba. Shi ya sa in ka jona masa babban famfon hura taya ko butar dafa shayi, kana ji kana gani zai ɗauke.

Ba kowace matsalar wuta ce ta fiyus ba, kuma sanin wannan zai rage maka wahala. Fiyus ba ya rabin mutuwa. Fitilar da ke ci dishi-dishi, ko take kiftawa in an shiga rami, matsalarta tana wajen jonin da ya saki ko ya yi tsatsa. In kwai ɗaya ne ya mutu ɗan'uwansa na ci, fara zargin kwan, sai dai a fitilun gaba, inda motoci da yawa ke ba hagu fiyus ɗinsa, dama nasa. Alamar fiyus ita ce abu ya ɗauke ɗif lokaci guda, musamman in abubuwa biyu ko uku suka mutu tare: rediyo da ramin caji, ko fitilun baya da hasken allo kamar yadda ya same ni.

Kayan da za ka tanada

Tocila. Ɗan hantsakin roba na zare fiyus, wanda galibi yana maƙale a cikin akwatin fiyus na wajen inji, in mai motar na farko bai yar da shi ba. In babu, filaya mai dogon baki ta wadatar. Sai fitilar gwaji, wadda aka fi sani da testa: kamar sukundireba take, da ɗan kwai a cikin mariƙinta da waya mai ɗan baki na maƙalawa. In kana da mita ta gwajin wuta, madalla. Direbobin manyan motoci, da masu wasu tsofaffin Land Cruiser na gazuwal, wato man dizal, su lura cewa nasu bolt 24 ne, kwan da ke cikin testar bolt 12 zai ƙone.

Mataki na farko: tsayar da komai

Sauka daga kan kwalta, ja birkin hannu, kashe inji, kashe fitilu da rediyo, zare makulli. In dare ne a kan hanya, ajiye alamar nan mai kusurwa uku nesa da bayan motar, ka ƙara da ganye kamar yadda aka saba. Cire agogon ƙarfe ko zobe in za ka sa hannu kusa da batir.

Mataki na biyu: nemo akwatin

Yawancin motoci suna da akwatin fiyus biyu, wasu uku. Ɗaya yana cikin mota: ƙarƙashin sitiyari wajen gwiwar direba, ko bayan wani ɗan murfi a gefen dashbod, ko bayan aljihun gaban fasinja. Ɗayan yana ƙarƙashin bonet, baƙin akwatin roba ne kusa da batir. Wasu motocin Jamus suna da na uku a cikin but. Na cikin mota ya fi ɗaukar ƙananan abubuwa kamar rediyo, sigina da fitilar rufi. Na wajen inji ya fi ɗaukar fitilun gaba, oda, fanka da abin da ya shafi tashin inji. Murfin yana da 'yan kunnuwa da ake dannawa. Yi a hankali, don zafin Maris da Afrilu na ƙasarmu yana busar da roba har ta koma kamar ɓawon ƙwai, da ka matsa sai ta ɓalle.

Mataki na uku: karanta taswira kafin ka taɓa komai

Juya murfin, za ka ga zanen da ke nuna wane fiyus ne na me, da lambarsa. A motocin Japan, Toyota da ire-irenta, gajerun kalmomin Ingilishi ne, ko da motar daga Turai ta sauka a tashar jirgin ruwa ta Duwala. TAIL na fitilun baya ne, STOP na fitilar birki, HORN na oda, DOME na fitilar rufi, CIG na ramin kunna taba da muka mayar wurin caji, WIPER ko WIP na abin share gilashi, HEAD LH da HEAD RH na fitilar gaba ta hagu da ta dama, GAUGE na allon gaban direba, EFI kuma na sashen da ke ba inji mai. Wannan na ƙarshe ka riƙe shi da kyau: in ya ƙone, mota za ta yi ta juya inji amma ba za ta tashi ba, kuma an sha sauke famfon mai lafiyayye a kan haka. A Peugeot ba suna ake rubutawa ba, F1, F2, F3 za ka gani, sai ka duba littafin motar. In littafin ya ɓata, rubuta sunan motar da shekararta a intanet, taswirar za ta fito.

Kafin ka zare ko ɗaya, ɗauki hoton akwatin da wayarka. Na taɓa ganin wanda ya zare guda takwas ya zube su a kan kujera, daga baya ya rasa gidan kowanne. Ɗaya-ɗaya ake zarewa, a duba, a mayar, sannan a matsa gaba.

Mataki na huɗu: zare ka duba

Kama kan fiyus ɗin da hantsaki, ka ja shi kai tsaye, ba tare da murɗawa ba. In ya yi tauri, ɗan girgiza shi kaɗan. Ɗaga shi a haske. Tsakanin ƙafafunsa biyu akwai ɗan ƙarfe a lanƙwashe. In a haɗe yake, lafiya lau. In ya tsinke, ya ƙone.

Kar ka yi saurin jefar da shi, don yadda ya ƙone yana da labarin da zai ba ka. In cikin robar ya yi baƙi kamar an hura masa hayaƙi, wuta ce mai yawa ta bi ta kansa a lokaci guda, kuma galibi hakan na nufin wata waya ta taɓa ƙarfen mota. In tsinkewa kawai ya yi, cikinsa fes, to kaya ne suka yi wa layin yawa, ya yi ta zafi a hankali har ya gaji. In kuwa ƙarfen bai tsinke ba amma robar wajen ƙafafun ta narke ko ta yi ruwan ƙasa, to gidan da yake zaune ne ya saki ko ya yi tsatsa, zafi na taruwa a wurin. Wannan sauya fiyus ba ya maganinsa, sai an tsaftace bakin gidan an matse shi.

Mataki na biyar: gwaji, don ido yana ruɗi

Wani lokaci tsagewar siririya ce kamar gashi, ido ba ya ganinta. Nan testa ke da rana, kuma ita ba ta buƙatar ka zare komai. Maƙala wayarta a jikin wani noti marar fenti, ko a kan batir na ɓangaren da ke da alamar ragi, abin da masu gyara ke kira mas. Fara taɓa bakinta a ɗaya kan batir ɗin, mai alamar tarawa, ka tabbata tana kamawa. Sannan ka sa kontak, wato ka murɗa makulli har fitilun allo su kama, ba tare da ka ta da inji ba. In fitila kake bincike, kunna makunninta.

Duba saman kowane fiyus, za ka ga 'yan ramuka biyu da ƙarfe ke leƙowa, ɗaya a kowane gefe. Taɓa na farko, taɓa na biyu. In testa ta kama a duka biyun, fiyus lafiyayye ne. In ta kama a ɗaya ta ƙi a ɗaya, ka samo ɓarawonka. In ba ta kama ko'ina ba, ba a saki wuta zuwa wannan layin ba ne, ko dai makunninsa a kashe yake, ko matsalar tana can gaba da akwatin. Da wannan hanya, minti biyu sun isa ka bi akwati guda kaf, kuma ita nake ba da shawara in taswira ta goge.

Mai mita kuma ya zare fiyus ɗin, ya juya mitar zuwa inda take ƙara in bakunanta biyu suka haɗu, ya ɗora kowane baki a ƙafa ɗaya. In ta yi ƙara, lafiya. In shiru, ya mutu. Kar a yi wannan gwajin fiyus yana cikin gidansa da wuta a jiki.

Mataki na shida: sa sabo, irinsa sak

Abu biyu za su dace: lamba da siffa. Irin fiyus mai ƙafa biyu da muke gani yau ya fito ne a 1976, daga kamfanin Littelfuse na Amurka, kuma yanzu yana da girma iri-iri: na daidai, ƙarami, wani ƙaramin mai gajerun ƙafafu da ke cikin sababbin Toyota, da babba. Ɗaya ba ya zama daram a gidan ɗaya, don haka ka tafi shago da mataccen a hannunka.

Launi yana taimakawa in lambar ta goge. A ƙanana da na daidai, 5 ruwan ƙasa ne mai haske, 7.5 ruwan ƙasa mai duhu, 10 ja, 15 shuɗi, 20 rawaya, 25 fari garau kamar gilashi, 30 kore. Amma kar ka dogara da launin wanda ka zare kaɗai, don wataƙila wani ya riga ka sa wanda ba daidai ba. Abin da aka rubuta a murfi shi ne gaskiya. Tsofaffin Marsandi da Volkswagen kuwa nasu daban ne, dogo mai tsini a kai biyu, kuma launinsu wata ƙa'ida ce dabam: fari 8, ja 16, shuɗi 25.

Kashe kontak, danna sabon har ya zauna daidai da 'yan'uwansa. Ba shi da gaba ko baya, ta kowane gefe ka sa shi ya yi. Sa kontak, kunna abin da ya mutu.

A nan ne mutane ke neman gira su rasa ido. Mai lamba 10 ya ƙone sau biyu, sai a ce ai rago ne, a sa 20 ko 30. Ko a naɗe mataccen da zaren waya, ko da takardar azurfa ta kwalin taba. Fitila za ta kama, gaskiya ne, amma yanzu wayar da aka yi don amfa 10 ita za ta sha wutar da ta ninka haka, kuma tana ɓoye cikin dami ɗaya da wasu wayoyi ashirin a bayan dashbod. Ita za ta narke, ta narkar da maƙwabtanta. Mai gyaran da ya yi maka irin wannan dabara, ko da kyauta ne, ka sauya rumfa. Ƙaramar lamba ba ta da haɗari, iyakarta ta sake ƙonewa. Babba ce ke cinna wa mota wuta.

In ya sake ƙonewa

Ruwa ba ya tsami banza. Fiyus yakan mutu don tsufa da jijjiga, musamman a hanyoyinmu, in haka ne sabon zai zauna lafiya. In kuwa ya ƙone nan take, ko bayan kwana ɗaya ko biyu, kar ka sa na uku sai ka yi bincike.

Fara da tambayar da ta fi sauƙi: me aka ƙara wa motar kwanan nan? Sabon rediyo, manyan lasifika, fitilun ado, oda mai kukan tirela, duk su ne kan gaba wajen laifi. In na ramin caji ne, cire cajar ka leƙa cikin ramin da tocila. Ƙaramin tsabar kuɗi ko karyayyen bakin caja yakan faɗa ciki ya haɗa wuta. Sannan lura da lokacin da yake ƙonewa. In sai ka taka birki, bi wayoyin fitilar birki da gidan kwan. In sai ka sa giyar baya, duba wayar da ke jikin giya. In sai ka buɗe ƙofa ko but, duba cikin robar nan mai kama da maƙogwaro da wayoyi ke bi tsakanin ƙofa da jikin mota, don nan suke karyewa saboda yawan lanƙwasa. In na abin share gilashi ne, tuna cewa ya yi wata bakwai ko takwas yana shan ƙura ba ya aiki, ruwan farko na sauka aka tashe shi da ƙarfi. In gaɓoɓinsa sun cije, injinsa zai ja wutar da ta wuce kima. Haka fankar da ta cushe da ƙurar hunturu. Motar da aka daɗe da ajiyewa kusa da buhunan gero ko gyaɗa kuma, ɓera ne abin zargi na farko. Da damina, in ka ratsa ruwa mai zurfi ko aka wanke inji da tiyo, buɗe akwatin wajen inji ka ga ko ruwa ya kwanta ciki.

Akwai dabarar da na gani wajen masu gyara, wadda ke hana asarar fiyus goma wajen neman laifi ɗaya. Sai su jona kwan fitilar birki mai wat 21 da wayoyi biyu a gidan fiyus ɗin da ke ƙonewa. Muddin waya na taɓa ƙarfe, kwan zai haska sosai, kuma shi ke tare wutar kar ta yi ɓarna. Sai a riƙa cire jonin abubuwan da ke kan layin ɗaya bayan ɗaya, ana motsa wayoyi. Inda aka taɓa hasken ya dushe ko ya mutu, nan ciwon yake. In ka kai nan ba ka gano ba, kai wa mai gyaran wuta, ka faɗa masa wane fiyus ne da lokacin da yake ƙonewa. Rabin aikinsa ka riga ka yi masa.

In fiyus lafiya yake amma abin bai kama ba, duba 'yan akwatunan nan masu kusurwa huɗu da ke zaune kusa da su, waɗanda ake kira rile, wato makunnai da wuta ke kunnawa da kashewa, ba hannu ba. In akwai biyu masu lamba iri ɗaya, musanya su ka gani.

Waɗanda ba a taɓawa da garaje

A akwatin wajen inji akwai manya masu ɗan tagar gilashi a sama, 40, 60, 100 har sama. Wasu, musamman mai alamar ALT ko MAIN, da noti aka ɗaure su ta ƙasa. In ka ja da ƙarfi akwatin za ka fasa. Galibi abin da ke kashe su shi ne a juya kan batir, ko a haɗa wayoyin taimakon batir a baibai. Kafin a taɓa su sai an cire kan batir na ɓangaren ragi, shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe. Ka sani wasu rediyoyin za su nemi lambar sirri bayan an cire batir. Duk abin da aka rubuta SRS ko AIRBAG, da wayoyi masu rawayan joni, na jakar iskar kariya ne, bar wa gwani. Motocin da ke haɗa fetur da lantarki kuma, kaurara wayoyinsu masu ruwan lemo wutar cikinsu tana kisa.

In abin ya same ka a daji

Motoci da yawa suna zuwa da fiyus na ajiya a cikin murfin ko a gefen akwatin, an rubuta SPARE. In an riga an cinye su, ara daga abin da za ka iya haƙura da shi, kamar ramin caji ko rediyo, ka ba fitila ko abin share gilashi, matuƙar lambar ɗaya ce ko ta aron ta ɗan gaza. Kar ka ara daga fitilar birki, ko ABS mai hana taya cijewa in an taka birki, ko EFI. Kana isa gari ka mayar da abin aro gidansa.

Wajen saye, araha ba ta ado. Akwai na jabu da ake zubawa a leda, waɗanda ƙarfensu bai dace da lambar da aka buga musu ba. Wani an rubuta 10 amma ba zai tsinke ba sai robar ta narke. Ɗora mai 10 kusa da mai 30 ka leƙa: in kaurin ƙarfen cikinsu ɗaya ne, ajiye musu kayansu. Ni na fi yarda da waɗanda aka ciro daga motar da aka farfasa a wajen masu sayar da tsofaffin kayan mota, don su ne na asali. Sayi bibbiyu na 7.5, 10, 15, 20 da 30 irin na motarka, ka zuba a kwalbar magani marar komai mai murfi, ka ajiye a aljihun gaba tare da testa. In ka gama aiki a akwatin wajen inji, danna murfin ta kowane gefe har ka ji kunnuwan sun kama, in kuma ɗaya ya riga ya karye, ɗaure shi da robar tayar keke kafin damina ta sauka.